Daimon Na Ƙasa Da Daimon Na Ƙira

Daimon shi ne mafi tauri cikin duwatsu duka. Asalinsa ɗaya da gawayi, zafi da nauyin ƙasa suka mai da shi haka, a zurfin kamar mil 100. Ana haƙarsa a Saliyo da Gana da Afirka ta Kudu. Banda ado, da shi a kan yanka gilashi, a huda dutse.

Cikin 1954 masana a kamfanin General Electric na Amurka suka ƙera shi da inji. Na ƙirar nan ba jabu ba ne. Taurinsa da ƙyallinsa daidai da na ƙasa, ido ba ya rarrabe su, sai na'ura. Amma kuɗinsa bai ko kusa da na ƙasa ba.

Saboda haka in rigimar cinikinsa ta taso daga kasuwa, kamar ta Sabon Gari, kada hakimi ya yanke magana da ido. A nemi takardar shaidar asalinsa wurin mai sayarwa. Wanda aka tsinta a gona kuwa, malami ya rubuta inda aka same shi, a kai wa masana duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, don sau da yawa ƙanƙara ce kawai. Ba a cinikin biri a sama.