Lamba 20 000

Tun kafin zuwan takardun kuɗi, da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa. Wuri 20 000 shi ake kira keso ɗaya. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth ya sauka a Tasawa, ya ga yadda ake ƙidaya wuri: ana jan su biyar biyar, ana tara su tsibi tsibi. Ran nan sai da aka ƙidaya wuri 500 000, watau keso 25.

Me ya sa 20 000 ta yi daɗin ƙidaya haka? Amsar tana cikin lambar kanta.

Ana rubuta ta da 2 da sifiri huɗu. Duk lambar da ta ƙare da sifiri cika ce, ba mara ba, saboda haka tana rabuwa biyu ba saura: 10 000 da 10 000. Tana rabuwa kashi 5, da 10, da 100. In an yi ta raba ta biyu, za a samu 10 000, sai 5 000, sai 2 500, sai 1 250, sai 625. Nan 2 ta tsaya, don 625 mara ce. Sai 5 ta karɓa: 125, 25, 5, 1. Ke nan:

20 000 = 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 5

Akwai lambobin da ba su rabuwa sai da 1 da kuma kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11. Ita 20 000 ba ta cikinsu. Lambobi har 30 ne suke raba ta daidai. Amma 3 ba ta cikin jerin nan na sama, kuma nan rigima take.

Wasu masunta uku a tafkin Madarunfa sun sayar da kifinsu jika ashirin, watau tamma 20 000, ko dala 4 000. Suka zauna bakin ruwa suna rabo. Kowa ya samu dala 1 333, dala ɗaya ta yi saura. Ƙaraminsu ya ce an cuce shi, a sake rabo. Aka sake har sau uku, dalar nan tana nan. Ba wanda ya cuci wani. Da sun tara 2 + 0 + 0 + 0 + 0 sun ga 2, da sun sani tun farko, don lamba ba ta rabuwa uku sai jimillar nan ta rabu uku. Daga ƙarshe wani yaro mai riƙe masu kwando aka ba dalar.

Aiki
1. Da masuntan su huɗu ne, dala nawa kowa zai samu?
2. Keso 7 wuri nawa ne?
3. Cikin 20 001 da 20 002 da 20 005, wace ce take rabuwa uku ba saura?