Ba Kullum Ne Gas Ke Ƙarewa Ba: Ƙofar da Ke Bayan Dashbod

'Yan uwa ɗalibai, darasin fasaha na wannan makon ya shafi mota, musamman ga waɗanda a cikinmu ke zuwa gareji koyon aiki bayan an tashi daga makaranta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara kan kai digiri 40 a ƙasar Kano, da zarar esi ta fara huro iska mai ɗumi sai mai mota ya ce, "Gas ya ƙare." A ɗauki hanya daga Balan zuwa Gaya ko Wudil, a ɗura sabo, a biya kuɗi, a dawo gida zafi na nan daram. Wani lokacin gas ɗin ba shi da laifi. Laifin na wata 'yar ƙofar roba ce da ba a ganinta.

Ga yadda abin yake. A bayan dashbod akwai akwati ɗaya da fanka ke tura iska cikinsa. A cikin akwatin akwai abubuwa biyu masu kama da ƙaramin lagireto. Na farko gas ke bi ta cikinsa ya yi sanyi ƙarara. Na biyu ruwan injin ke bi ta cikinsa, ruwan da zafinsa kan kai wajen digiri 90. Tsakaninsu ƙofar take, ita ke raba iska: ta rufe ɓangaren zafi a samu sanyi, ta buɗe shi a samu ɗumi, ta tsaya tsakiya a gauraya. A motoci da yawa ruwan zafin nan ba ya daina zagayawa ko da esi na kunne. Ke nan in ƙofar ta maƙale a buɗe, iskar da aka sanyaya za ta sake bi ta wuta kafin ta iso fuskar direba.

Tsofaffin motoci da wayar ƙarfe suke jan ƙofar, kamar birkin keke. Na baya-bayan nan kuwa wani ɗan injin lantarki ke juya ta, girmansa bai wuce tafin hannu ba, cikinsa haƙoran roba ne. In haƙori ɗaya ya karye, sai a riƙa jin ƙas-ƙas-ƙas daga dashbod duk lokacin da aka murɗa makulli.

To yaya za mu gane? Mu tayar da mota, mu kunna esi, mu buɗe bonet. Bututu biyu na gas ke shiga ɗakin mota; mu taɓa mai kaurin, muna nesa da fanka da bel. In ya yi sanyi har yana raɓa, ruwa kuma na ɗiga a ƙarƙashin mota, amma iskar ciki na da ɗumi, gas na aikinsa. Sai mu murɗa maɓallin daga shuɗi zuwa ja a hankali, mu kasa kunne. In babu motsi kuma iskar ba ta sauya ba, zargi ya koma kan ƙofa. Amma a yi hattara da motar da ɓangaren direba ke sanyi na fasinja na zafi: wannan kan zo daga ƙofa, kan kuma zo daga ƙarancin gas. Ma'auni ne zai raba gardama, ba tsammani ba. Ɗura gas a kan gas kuwa kwamfireso yake kashewa, shi kuma ya fi ɗan injin ƙofar tsada nesa ba kusa ba.

Gyaran kansa: a duba fis tukuna. A kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi. A motoci da dama ana isa ga ɗan injin ta bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, kusoshi biyu ko uku ke riƙe da shi. Duk wayar da muka gani mai launin rawaya ta jakar iska ce, ba ruwanmu da ita. Bayan an cire shi, a juya sandar ƙofar da yatsa. In ta tafi sumul ta tsaya a ƙarshen kowane ɓangare, ƙofar lafiya lau, injin za a sauya. A tafi da tsohon hannu da hannu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, a gwada lambar da ke jikinsa, don suna kama da juna amma ba ɗaya suke ba. In kuwa sandar ta ƙi motsi, ko tana juyawa babu iyaka, ƙofar ce ta karye, kuma sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Wannan aikin maigida ne, ba na yaron gareji ba. Bayan an ɗaura sabo an mayar da batir, a murɗa makulli a bar maɓallan kamar minti ɗaya, domin motoci da yawa kan gwada iyakar ƙofar da kansu.

Akwai dabarar da wasu kanikawa ke yi: su cire tiyon ruwan zafi biyu su haɗa su da juna, ruwan ya daina shiga akwatin. Sanyi kan dawo nan take, mai mota ya yi murna. Mu dai ba mu yaba ba. Disamba na zuwa, direban da ya yi sammako zuwa Kano cikin hunturu ko cikin ruwan Agusta zai ga gilashin gaba ya yi hazo daga ciki, ga shi babu iskar ɗumin da za ta share shi, sai goge-goge da hula yana tuƙi.