Takardar Ƙyalli a Ƙarƙashin Daɓe: Abin da Ya Kamata Mai Gida Ya Sani

A ƙasar Niyu Zilan, can kudu maso gabas da Ostareliya, gidaje da yawa na katako ne, kuma ba a kan ƙasa suke zaune ba. Ɗaga su ake yi bisa gajerun ginshiƙai, kamar yadda manomi ke ɗora rumbu a kan duwatsu don kada laima ta taɓa hatsi. Daɓen ma katako ne, an jera shi bisa wasu dogayen katakai da ke ɗauke da shi, waɗanda za mu kira azara don sauƙin magana. To, tsakanin daɓen nan da ƙasa akwai fili, iska na ratsawa. Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da muke tsakiyar damina, su kuwa suna tsakiyar hunturu, sai sanyi ya bi ta nan ya hau ɗaki, mutum ya sauko daga gado ya ji kamar ƙanƙara ya taka.

A 1978 gwamnati ta wajabta sa abin tare sanyi a sababbin gidaje. Abin da magina suka fi sa wa daɓe shi ne takardar alminiyom, irin mai ƙyallin nan, don ga araha ga sauƙin aiki. Wani wurin akan shimfiɗa ta bisa azara tun kafin a buga daɓe, a bar ta ta ɗan yi ciki. A tsofaffin gidaje kuwa sai a shiga ƙarƙashi a manna ta da ƙananan ƙusoshi masu baki biyu. Har yau gidaje masu ɗimbin yawa na ɗauke da ita, kuma masu su na tambaya: a gyara ta, a ƙara wani abu a kanta, ko a cire?

Bari mu fara da yadda take aiki. Wanda ya taɓa leƙa cikin fulas ɗin shayi ya ga ƙyalli kamar madubi. Ƙyallin nan ne ke mayar da zafi inda ya fito. Haka takardar take: ba kauri gare ta ba, ƙarfinta duka yana ga abu biyu, wato fuskarta ta kasance tana sheƙi, kuma iskar da ke tsakaninta da daɓe ta zauna shiru ba ta motsi. Da ƙura ta rufe ta, ko iskar teku mai gishiri ta dusashe ta, rabin aikin ya tafi. Da ta yage, sauran ma ya bi. Yagewa kuwa ba wuya: kyanwa ta shiga, ɓera ya yi sheƙa, mai gyaran famfo ya tsaga ta don ya kai ga bututu, ya tafi abinsa bai rufe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sanyi ma haka.

Da a nan matsalar ta tsaya, da sai mu ce asarar kuɗin dumama ɗaki ce kawai. Amma takardar nan ƙarfe ce, ƙarfe kuwa hanyar lantarki ne. Ka dubi mai aikin da idon zuci. Yana kwance rigingine a kan ƙasa mai danshi, daɓe na kusa da hancinsa, tocila a gefe, bindigar ƙusa a hannu. Wayoyin gidan suna bi ta jikin azara, takardar da yake riƙe ta rufe su, ba ya ganinsu. Ya danna, ƙusa ta huda takarda, ta huda rigar waya. Nan take wuta mai ƙarfin bolt 230 ta game takardar daga wannan bango zuwa wancan, shi kuma jikinsa ne hanya mafi kusa zuwa ƙasa. Ba wurin tsalle, ba wurin ja da baya. Mutum biyar aka ba da rahoton sun rasu ta haka a Niyu Zilan. A Ostareliya ma, cikin shirin gwamnati na sa wa gidaje abin tare zafi da sanyi a rufi, wanda aka fara a 2009 aka rufe a Fabrairun 2010, samari huɗu suka rasa ransu, biyu daga cikinsu ta wannan hanya ta ƙusa da takarda. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya fi ban tsoro shi ne, takardar na iya ɗaukar wuta ta zauna da ita shekara da shekaru ba wanda ya sani. Busasshen katako ba ya wuce da lantarki, saboda haka fis ba lalle ya tsinke ba, fitilu na ci, rediyo na magana. Tana nan tana jiran hannun da zai taɓa ta.

Don haka ne daga 1 ga Yuli 2016 gwamnatin Niyu Zilan ta haramta sa wannan takarda, da ma gyara ta, a duk gidan zama da ke da wayarin lantarki. A lura: har da gyara. Wanda ya ga tasa ta yage ya ce bari ya ɗan liƙe ya ƙara ƙusa biyu, ya karya doka. Ba a tilasta kowa ya cire wadda ke da lafiya ba, amma mai lalacewa ba ta da magani sai cirewa.

Wasu kan ce, to a bar ta mana, a tura sabon abu a kanta. A ganina wannan rowa ce da ba ta da riba. Da zarar an danne ta, iskar da take aiki da ita ta tafi, ta zama ba ta tsinana komai sai ɓoye wayoyi da tara danshi a jikin katako, ga haɗarin yana nan inda yake. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga yadda masu sana'ar ke yi. Kafin kowa ya sa kai ƙarƙashin gida, a kashe wuta daga babban makunni, sannan mai aikin lantarki mai lasisi ya gwada takardar da na'urarsa. Kashe makunni kaɗai bai isa a saki jiki ba, don wayar da ke shigo da wuta daga titi tana nan da ranta, haka ma ta faifan hasken rana in akwai. In an tabbata ba wuta, a yanke takardar a bin azara, a zare ƙusoshi, a duba kowace waya ko an taɓa huda ta. Wannan ne kuma lokacin duba katakon da ya ruɓe da bututun da ke ɗiga, tunda an yaye musu mayafi.

Abin da za a maye gurbinta da shi mai kauri ne, wanda ke riƙe iska a cikin jikinsa kamar bargo: audugar foliyesta, ko audugar gilashi, ko ulun tumaki, ko farin soson nan mai tauri irin wanda ake kare talabijin da shi a cikin kwali. Ƙarfinsu ana auna shi da lambar R, kuma mafi ƙarancin da doka ta yarda a sa sabo a daɓen gidan haya shi ne R 1.3. Sharaɗin aikin ɗaya ne: ya manne da daɓe sosai, ya cika tsakanin azara da azara, kada a bar kafa. Mai amfani da farin soso ya kiyaye kada ya taɓa waya, don yana lalata rigarta a hankali.

Saura ƙasar kanta. Ko ta bushe a ido, tururin ruwa na tashi daga cikinta dare da rana, ya shiga gida ya haifi fumfuna a bango da warin ruma a tufafi. Maganinsa leda mai kaurin milimita 0.25, a shimfiɗa ta a ƙasa, a haɗa bakunanta, a bar tagogin iska na gindin gida a buɗe. Kuɗinta kaɗan ne, amfaninta kuwa ba kaɗan ba.

Kada a ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. Binciken da Farfesa Philippa Howden-Chapman ta Jami'ar Otago ta jagoranta, wanda ya fito a 2007, ya bi gidaje 1,350, ya nuna cewa inda aka sa abin tare sanyi, kukan ƙirji ya ragu, yara sun rage fashin makaranta, manya sun rage fashin aiki. Tun 1 ga Yuli 2019 wajibi ne gidajen haya su kasance da shi a rufi da daɓe, muddin akwai hanyar sa shi. Masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidan kansu kuwa, shirin Warmer Kiwi Homes na biya musu mafi yawan kuɗin.

Kai mai karatu, in kana zaune a irin wannan gida, ko ɗanka na can karatu yana haya, ka haska, ko ka gaya masa ya haska tocila daga bakin ƙofar ƙarƙashin gida ya duba. In ya ga ƙyalli, kada ya kai hannu. Ya sanar da mai gidan, a kira mai aikin lantarki.