Amsar Tambaya: Neman Zaman Dindindin a Kanada

Tambaya: Ta wace hanya ƙwararren ma'aikaci zai samu izinin zaman dindindin a Kanada?

Amsa: Babbar hanyar ita ce tsarin Express Entry da gwamnatin Kanada ta buɗe a watan Janairun 2015, wanda ke jera masu nema bisa maki, sannan a gayyaci na sama. Ana buƙatar mai nema ya yi aikin ƙwarewa na shekara guda a jere cikin shekaru 10 da suka wuce, ya ci jarrabawar Turanci ko Faransanci, kuma ya miƙa takardun karatunsa ga hukumar tantancewa irin WES, domin a auna su da ma'aunin Kanada. Jimillar makin 1,200 ce, kuma wanda wani lardi ya zaɓa yana samun 600 lokaci guda. Makin shekarun haihuwa kuwa yakan fara raguwa daga shekara 30, saboda haka jinkiri asara ne.

Babban haɗarin yana hannun 'yan damfara masu alkawarin biza, domin takardar ƙarya ɗaya tana jawo haramcin shiga ƙasar har shekara 5, ko da wakili ne ya shigar da ita. Mai nema ya cike takardunsa da kansa a shafin intanet na hukumar shige da fice ta Kanada.