Gyaran Ɗakin Baƙi Kafin Dangi Su Iso

Uwargida, in dangi za su zo Sallah ko suna, kada ki fara da sayen sabon labule. Ki fara da katifa. Ki fitar da ita ta sha rana, domin ɗakin da aka daɗe ba a kwana a ciki ba yakan yi wari, musamman da damina. Bayan shara ki sa turaren wuta, amma kaɗan, wani dattijon hayaƙi na tayar masa da tari.

Gidan sauro dole ne. Da hunturu ki ƙara bargo da man shafawa. Da bazara kuwa, fanka mai caji ta fi kowane ado amfani in an ɗauke wuta.

Ki ajiye buta, darduma da silifas, ki nuna alƙibla tun kafin a tambaya. Surukarki ba za ta buɗe baki ta roƙi sabulu ko tawul ba, kunya ba za ta bar ta ba, gara ta tarar da su a ajiye. In tana fama da ciwon gwiwa, ki sa mata kujera.

Tarkacen da kika jibge a ɗakin kuwa, ki kwashe su tun yau.