Guzurin Ɗalibi a Damargu

Ya ku iyayen Tanut da Belbeji, idan yaro ya ci jarrabawar BEPC, karatu ya kai shi lise a Tanut ko Damagaram, nesa da rumbun gida, abin da ya fi mayar da shi ƙauye shi ne yunwa da nauyin mai masauki. Saboda haka wajibi ne tun da kaka, kafin gero ya yi tsada, ku ware masa dammunansa, ku kuma kiwata tunkiya da sunansa, musamman in 'ya mace ce. Ku adana takardar haihuwarsa, domin hukumar ANAB, mai raba tallafin ɗalibai, za ta buƙace ta bayan bakaloriya. Mawadata kuwa su tuna cewa ɗalibi matalauci yana cikin masu haƙƙin zakka.