Yadda Ake Gasa Karfatar Rago a Obin da Taimakon Ma'aunin Zafi da Wayarka

Da yawanmu mun taɓa kallon bidiyon gashin nama a YouTube ko TikTok, inda mai girki zai kama ƙashin karfata da yatsu biyu ya zare shi, naman kuma ya zube a tire saboda laushi. Sai mutum ya yi sha'awa, ya kashe kuɗi ya sayo karfatar rago, ya bi mintunan da aka faɗa a bidiyon sau da ƙafa, a ƙarshe ya ajiye wa 'yan gida naman da sai an yi kokawa da shi. Ga asarar kuɗi da gas, ga kunya a gaban baƙi. A darasinmu na yau za mu ga abin da ke jawo haka, da kuma yadda ƙaramar na'urar auna zafi da wayar da ke hannunka za su raba ka da canki-canki.

Me ya sa karfata ke buƙatar dogon lokaci?

Karfata wuri ne da dabba ke aiki da shi kullum wajen tafiya da ɗaukar nauyin jiki. Saboda haka naman wurin cike yake da jijiyoyi da tantani, waɗanda akasarinsu wani sinadari ne mai suna kolajin. Idan zafin cikin nama ya kai kusan digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kolajin yana tsukewa ya matse ruwan naman ya fita. A nan ne nama ya fi tauri. Idan aka ci gaba da ba shi zafi ya haura digiri 70, aka kuma bar shi ya daɗe a haka cikin danshi, kolajin ɗin zai narke a hankali ya koma jelatin. Ka san yadda romon farfesun ƙafar sa ke kamewa ya yi kauri idan ya huce? Wannan jelatin ne. Shi ke sa karfata ta yi laushi da santsi a baki.

Narkewar ba ta faruwa a minti goma. Tana cin awanni. Idan ka ƙara wuta don ka yi sauri, bayan naman zai ƙone alhali jijiyoyin ciki suna nan daram. Shi ya sa ake rage wutar obin zuwa digiri 150, a rufe naman, a bar shi.

Akwai lambobi biyu da ya kamata ka riƙe. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta sanya digiri 63, tare da hutun minti 3, a matsayin zafin ciki da ke sa dunƙulen naman rago ya zama babu haɗarin ci. Amma karfata a digiri 63 tauri gare ta. Don ta yi laushin da ƙashi zai zare, ana so cikinta ya kai digiri 90 zuwa 95.

Me ya sa lokacin da aka faɗa a bidiyo ba ya yi maka daidai?

Dalili na farko shi ne dabbar. Yawancin bidiyon da ake ɗauka a Ingila ko Ostireliya suna amfani ne da naman ɗan rago da bai kai shekara ɗaya ba, mai kitse lulluɓe a bayansa. Mu kuwa abin da mahauci zai yanko maka sau da yawa na babban rago ne, Yankasa ko Uda ko Balami, wanda ya girme wancan, ga shi kuma ya sha yawon kiwo. Kolajin na babbar dabba ya fi taurin kai, don haka ƙarin awa ɗaya ko fiye ba abin mamaki ba ne.

Dalili na biyu shi ne obin ɗin kansa. Lambar da ke jikin maɓallin ba lallai ba ne ta yi daidai da ainihin zafin da ke ciki, musamman a ƙananan obin masu aiki da gas. Na uku kuma shi ne ma'auni: idan ka ji Ba'amurke ya ce 300, yana nufin Farenhait ne, wato kusan digiri 150 namu. Idan obin ɗinka mai lambobin gas ne irin na Birtaniya, lamba 2 ita ce digiri 150.

Wane ma'aunin zafi ya dace?

1. Mai tsinke na nan-take. Kana soka shi a nama ya nuna lamba cikin 'yan daƙiƙoƙi, ka cire. Shi ya fi araha, kuma ya wadatar. Ba a barin sa a cikin obin, robar kansa narkewa za ta yi.

2. Mai tsinke da doguwar waya. Tsinken yana zama cikin nama, siririyar wayar ta fito ta gefen ƙofar obin zuwa ɗan akwati mai fuska. Kamfanoni irin su ThermoPro da Inkbird suna yin sa, wasu samfuran kuma suna tura lambar zuwa manhajar waya ta Bluetooth.

3. Marar waya gaba ɗaya, irin MEATER. Tsinke ɗaya ne mai batir a ciki, yana auna zafin nama da na iskar obin a lokaci guda, manhajarsa kuma tana ƙiyasta lokacin da ya rage.

Abubuwa uku ba za su yi maka wannan aiki ba. Ma'aunin zazzaɓi na asibiti bai wuce digiri 42 ko 43 ba. Na'ura mai kama da bindiga da ake haska wa goshi zafin fatar waje kawai take gani. Hatta wayar Google Pixel 8 Pro ta 2023, wadda ke da na'urar auna zafi a bayanta, saman abu take aunawa, ba ta ganin tsakiyar nama.

Kafin ka amince da sabon ma'auni, gwada shi. Cika kofi da ƙanƙara da ɗan ruwa, juya, sa tsinken: ya kamata ya nuna sifili ko kusa da shi. A tafasasshen ruwa kuma zai nuna kusan 100, sai dai tudu yana rage wannan lambar. A Jos, saboda tsayin wurin, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, don haka kada ka ce na'urar ta lalace.

Kayan haɗi (mutum 5 zuwa 6)

- Karfatar rago da ƙashinta, kimanin kilo 2
- Gishiri giram 18 zuwa 20, wato kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin naman
- Tafarnuwa ƙwaya 8, ɗanyar citta, masoro, ɗan kanumfari da busasshen barkono
- Man gyaɗa cokali 3
- Manyan albasa 3, a yanka da kauri
- Ruwa ko romo, mililita 300 zuwa 400
- Tire mai zurfi da takardar foyil

Idan za ka sa dunƙulen ɗanɗano, rage gishirin, domin shi ma gishiri ne mafi yawansa.

Mataki-mataki

Mataki na 1: Daren jajibiri, goge naman ya bushe, ka tsattsaga shi da bakin wuƙa, ka daka kayan ƙamshin da gishiri da mai ka shafe shi ciki da waje. Sa shi a firiji ya kwana. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, gara ka sayo naman da safen ranar ka shafa masa kayan awa ɗaya kafin gashi.

Mataki na 2: Kunna obin ya kai digiri 150. Shimfiɗa albasa a tire, ɗora naman a kai, ɓangaren kitse yana kallon sama. Zuba ruwan a gefe, kada ya wanke kayan ƙamshin.

Mataki na 3: Soka tsinken a wurin da ya fi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ko ya faɗa cikin dunƙulen kitse ba, domin duk biyun suna ba da lambar da ba ta naman ba. Rufe tiren da foyil ninki biyu, ka matse gefensa sosai. Idan marar waya kake amfani da shi, huda foyil ɗin ka bar wutsiyar tsinken a waje. Ƙarfe yana tare sigina, idan ka binne shi gaba ɗaya manhajar za ta riƙa yankewa.

Mataki na 4: Saita manhajar ta sanar da kai a digiri 92, ka rabu da ƙofar obin. Duk buɗewa ɗaya tana zubar da zafi, ta ƙara maka lokaci.

Mataki na 5: Idan ya kai, yi gwajin hannu. Tsinken ya shige babu turjiya, cokali mai yatsu kuma ya juya a cikin naman cikin sauƙi. Idan har yanzu akwai tauri, mayar da murfin ka ƙara minti 30, ko da lambar ta cika. Laushi aikin zafi ne da lokaci a haɗe.

Mataki na 6: Cire foyil, ɗaga wuta zuwa digiri 210 na minti 15 zuwa 20. A nan ne bayan naman zai yi ja ya ɗauki ƙamshin gashi. Masana suna kiran wannan sauyi da sunan Louis-Camille Maillard, Bafaranshen da ya bayyana shi a 1912, kuma ba ya tafiya da sauri sai saman nama ya bushe zafi ya haura digiri 140. Shi ya sa ba ya faruwa a ƙarƙashin murfi mai tururi.

Mataki na 7: Fitar da shi, lulluɓe sama-sama, bar shi ya huta minti 20 zuwa 30 kafin a yayyaga. Kwashe man da ya taso a kan romon, ka murƙushe albasar a ciki, ta zama miyar zubawa a kan shinkafa, dankali ko gurasa.

Idan lambar ta tsaya cak

Wani lokaci za ka ga zanen manhajar ya miƙe a tsakanin digiri 65 da 75, ya yi rabin awa ko fiye bai motsa ba. Na'urar ba ta mutu ba. Ruwan da ke fita daga naman yana zama tururi yana sanyaya shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum. Murfin da aka matse da kyau yana rage wannan tsaiko. Idan ya faru, duba ko foyil ɗin ya buɗe ta wani gefe, ka gyara, ka bar wutar yadda take.

Tsara lokaci a wayarka

Fara lissafi daga lokacin cin abinci ka yi baya. Idan za a zauna ƙarfe 8:00 na dare, sa ƙararrawa kamar haka:

- 1:30, fito da nama daga firiji, kunna obin
- 2:00, nama ya shiga
- 4:30, duba ko ruwan tire bai ƙafe ba, ƙara ruwan zafi idan ya yi ƙasa
- 6:30, gwajin laushi
- 7:00, cire murfi, ɗaga wuta
- 7:20, fitarwa da hutu

Idan na babban rago ne, matsar da komai baya da awa ɗaya. Gamawa da wuri ba matsala ba ce: naɗe naman a foyil da tawul mai tsabta, ka sa a babbar kula, zai riƙe zafinsa awa ɗaya ko biyu, muddin cikinsa bai sauko ƙasa da digiri 60 ba.

Wani abu da ke kayar da mutane shi ne tsarin tanadin batir na Android, wanda kan kashe manhajar da ke aiki a bayan fage. Shiga saitin manhajar ka ba ta izinin ci gaba da aiki da na aiko sanarwa, ka tabbatar wayar ba ta kan yanayin shiru. Kada kuma ka yi nisa da kicin. Nisan da ake rubutawa a kwalin na'urar na fili ne babu shinge, bango da ƙofar obin suna rage shi sosai. Ka kuma guji ajiye wayar a saman obin, zafi yana lalata batir.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Ga mai obin na lantarki, wannan ita ce babbar fargaba. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Idan cikin naman ya riga ya wuce 60, bar ƙofar a rufe ka sa ido a kan lambar, obin zai riƙe zafi na ɗan lokaci. Idan wutar ta tafi tun naman yana ɗanye, ko lambar ta fara gangarowa zuwa 60, kada ka zauna jira. Juye komai a tukunya mai kauri da murfi mai kyau, ƙara ruwa kofi ɗaya, ka ɗora a gas ko gawayi da 'yar wuta kaɗan har ya yi laushi. Daga baya ka gasa bayansa a kan waya da garwashi na 'yan mintuna.

Abin da ya rage

Kada naman ya wuce awa 2 a waje, a lokacin zafi kuwa, idan yanayi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Zare shi daga ƙashi, zuba a mazubi marar zurfi tare da romonsa, ka sa a firiji. Zai yi kwana 3 zuwa 4 idan sanyin bai yanke ba. Wajen ɗumamawa, a tabbata cikinsa ya kai digiri 74.

Kafin ka wanke tiren, buɗe manhajar rubutu a wayarka ka adana abubuwa huɗu: nauyin naman, lambar da ka saita obin, lokacin da ya shiga, da lokacin da ya yi laushi. Bayan gashi biyu ko uku za ka san halin obin ɗin gidanku da irin naman mahaucinku, kuma wannan lissafin naka shi za ka bi ranar da baƙi za su zo.